Ƙwallo a Daɓen Citta

Ƙanena ya fi ƙarfin ƙofar ɗakin Mama tun yana aji uku a sakandare. Kullum sai ya buga goshi, kullum sai Mama ta ce ƙofar ba ta yi masa laifin komai ba. A bayan gidanmu na Kafanchan akwai daɓen siminti da marigayi Baba ya zuba don shanyar citta. In an haƙo ta bayan damina, a wanke, a tsaga, a baje a nan har ta bushe. Sauran watannin shekara kuwa daɓen na ƙanena ne. Ya samo tsohon ƙarfen tayar keke, ya cire wayoyin, ya kafa shi a jikin mangwaro, yana wuni yana jefa ƙwallo a ciki.

Wannan jifan ne ya fitar da shi daga ƙasar. Ya buga ƙwallon kwando a Tunisiya, ya wuce Faransa, daga nan wata ƙasa mai sanyi da har yau ban iya faɗin sunan garin da ya zauna ba. Duk tsawon shekarun nan Mama ba ta taɓa ganin wasansa ba. Na sha nuna mata a waya, sai ta kai fuskarta kusa, ta ce ita tururuwa kawai take gani suna gudu. Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani.

Da ya dawo, ya dawo da gwiwa ɗaya mai ɗinki da bakin da ba ya son magana. Ni kuwa malamar makaranta ce, tambaya sana'ata ce, kuma tun ina yarinya aka san ni da son jin ƙwaƙwaf. Me suke ci a can? Da wane yare mai horarwa yake zaginku? Gadonsu yana ɗaukar ka? Da gaske mutane na barin aikinsu su zo kallon ƙarti suna jefa abu a kwando? Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke ba ki gajiya?"

Ban gaji ba. A hankali na riƙa tsinto labarin, yau kaɗan gobe kaɗan. Gado bai taɓa isar sa ba, a karkace yake kwana. In ka ji ciwo, kafin a kwance maka bandeji an kawo wani dogon ya saka rigarka. Wata rana muna ɓarar gyaɗa na tambaye shi abin da ya fi masa wuya, ina jiran ya ce sanyi. Ya ce a'a. In an tashi wasa kowa yana ɗaga hannu wajen 'yan kallo, wannan ga matarsa, wancan ga uwarsa. "Ni ma ina ɗagawa," in ji shi, "don kar a gane ba wanda ya zo domina." Ranar ban ƙara tambayar komai ba, tausayinsa ya hana ni.

'Yan matan ajina ne suka fara leƙo shi ta katanga. Daga leƙe sai gaisuwa, daga gaisuwa sai ga su a daɓe da silifas. Na zauna ina kallo don in ga yadda ake koyar da wannan abu, sai na ga bai ma ba su ƙwallo ba. Faɗuwa ya fara koya musu, yadda mutum zai faɗi bai karya hannu ba, da yadda zai miƙe bai tsaya duba wanda ya ture shi ba. Mutumin da ba ya magana a gida, a daɓe muryarsa har bakin titi.

Ana cikin haka tsohon kocinsa na Faransa ya kira shi. Yana son ya koma ya zama mataimakinsa, kuma yana jiran amsa kafin sabuwar shekara. Ƙanena bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni na san in ya tafi wannan karon, sai dai ya dawo jana'iza.

A makon ne Mama ta sa aka baje cittarta. Yara suka zo da yamma suka tarar da daɓen fari fat daga wannan gefe zuwa wancan, ƙamshi har cikin maƙogwaro. Ƙanena ya tsaya riƙe da ƙwallo, ya ce su koma gida. Da suka tafi ya ce mini, "Kin gani ko? Ko wurin tsayawa ba ni da shi."

Haushi ya kama ni, na sami Mama a kicin. "Mama, ki kwashe cittar nan. In ba haka ba yaron nan zai tafi."

"Citta ne ya rene shi," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ya ga ƙasashe, bai ga inda ake shanya ba?"

Na fita ina ƙunƙuni. Na ce a raina wannan tsohuwa ta fi dutsen Kagoro tauri.

Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga makaranta na tarar da tabarmi shimfiɗe a gaban gida, citta a kai, kaji na kewaye ana kora. Daɓen kuwa an share shi tas. Mama ta sa an kai mata kujera gindin mangwaro, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci. Ta kira ƙanena.

"Jefa in gani. Ina so in ga abin da ya ɗauke ka."

Ya ja da baya har ƙarshen siminti, ya jefa. Ƙwallon ta bi tsakiyar ƙarfen ta wuce, ko gefe ba ta taɓa ba. Yara suka sa ihu. Mama ta juya wajena ta ce, "Ya shiga?"

"Ta shiga, Mama."

"To, ni ban ga komai ba."

Ta miƙe ta shige ɗaki. Na dubi fuskar ƙanena na kau da kai. Na tabbata an gama, tafiya zai yi.

Washegari na gan ta tana warware tsohon buhun citta, zare-zare. Na tambaya, ta ce in je in tambayi 'yan ajina. Da gari ya sake wayewa ta fara saƙa da lalube. Sai da na ga ta ɗauko kacau-kacau ɗin da take ɗaurawa a ƙafa in matan zumunta za su yi rawa, tana cire su ɗaya bayan ɗaya tana ƙullawa a bakin saƙar, sannan na gane raga ce. Ta miƙa masa ta ce, "Kai ne dogo, ka ɗaura."

Ya ɗaura, ko tsani bai nema ba. Ya koma ƙarshen siminti ya jefa. Kacau!

"Na ji," in ji Mama. "Sake."

Ya sake. Ya yi ta jefawa tana cewa sake, har gwiwar ta fara damun sa, bai daina ba. Da ta ce ya isa, ya juyo wajen mangwaron ya ɗaga mata hannu. Na san ba ta gani ba, sai na sunkuya na faɗa mata. Ta ɗaga nata.

Ranar da ya kira Faransa na laɓe a bakin taga, amma da Faransanci ya yi maganar, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ya fito na tare shi. Ya ce, "Yaya, kin cika tambaya. Ki gaya wa yaranki gobe su zo da wuri, kuma ban da silifas."

Yanzu cittar Mama a gaban gida take bushewa, kullum muna faɗa da kaji. Ita kuwa da yamma tana gindin mangwaro, kanta a sunkuye tana tsaga citta. In ragar ta yi ƙara sai ta ce, "Wannan na yara ne." Jiya na ji wani kacau mai tsabta, ban ma ga wanda ya jefa ba. Mama ta ajiye wuƙa.

"Wannan nawa ne," ta ce.