Telar da Ke Juya Ɗinki Waje

Ranar da Malam Habibu ya fara shiga shagon Lantana a Karu, da tef ɗin awo aka tarbe shi. Ya ga yarinya zaune kan matashi, ya miƙa hannu zai ja kumatunta, sai ji ya yi tsal a bayan hannu.

"Oga, kar ka taɓa min ita!" in ji Lantana.

Mutum da furfurarsa, ya tsaya yana hura hannu kamar ya tsoma shi a kunu. Tun daga ranar bencin shagon ya zama wurin hirarsa.

Lantana ba ta san zama ba. Ƙafa na kan keke, ido na kan 'yarta Yusra, wadda aka haifa da fatar da ko goga ta aka yi sai ta yi bororo ta saɓule. Dangi suka ce iska ce. Likita ta ce a'a: tsakanin fata da nama akwai wata siririyar shimfiɗa mai sinadaran da ke ɗinke su wuri guda, irinta ce ke tace jini a ƙoda, ta Yusra kuwa an rasa zare ɗaya.

"Wato shafi bai kama riga ba," in ji Lantana.

Sai ta sake salon ɗinki. Kayan Yusra duk ɗinkinsu waje yake kallo, ba roba, ba zif. Ba a ɗaga ta ta hammata. Kullum da safe uwar na bin ƙurajen da allurar asibiti tana fasawa kafin su yaɗu.

Bana Yusra ta kafe sai makaranta. Lantana ta ɗinka yunifom ta farke, ta sake ɗinkawa ta farke. Ta je ta shafa bencin ajin da tafinta, ta tsaya bakin taga tana kallon yadda yara ke turereniya lokacin tashi, ta dawo ta kasa cin abinci. Litinin da Yusra za ta fara zuwa ta matso.

"Ke Hajiyar keke," Habibu ya ce, "ki naɗe ta a auduga ki ajiye a gida mana. 'Ya'yan Abujan nan awaki ne fa."

Lantana ta cije zare, ta miƙa wa Yusra rigar ta gwada.

"Fatarta ce ba ta kama ba, Oga, kanta garau yake. Kai da taka ta kama ram, me ka tsinana da ita ban da ɗumama min benci?"