Usta Idirisu da Motar Surukinsa

Idan ka shiga Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai ta Khartum, ta layin masu walda, ka wuce masu gyaran lagireto, za ka tarar da wata 'yar rumfar kwano da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A nan Usta Idirisu ya shekara arba'in da ɗaya yana gyaran wutar mota. Kahrabaji ake ce wa mai irin sana'arsa a garin. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙasa da niyyar hajji, ya yada zango a Umdurman don ya huta, hutun da har yau jikoki ba su gama ba. Kullum da sassafe Idirisu yake haye gada daga Umdurman da jakar kayan aikinsa a kan cinya, ya dawo bayan la'asar.

Ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kada wani ya ruɗe ka. Gajere ne, ga ƙarancin fara'a, in ka cika shi da surutu sai ya ce ka rufa masa baki yana sauraron inji. Amma fa duk layin an san abu ɗaya: bai taɓa laƙa wa mota ciwon da ba ta da shi ba. Direba zai zo a fusace, motarsa ta ƙi tashi, a ce masa ya sayi sabon batir. Usta sai ya yi tsaki.

"Batir randa ce," in ji shi. "Dinamo ne mai ɗebo mata ruwa. Ka ga randa a bushe, ba ka tambayi mai ɗebowa ba, ka hau fasa randa? Wannan ai hauka ne."

Dinamon nan shi ne ɗan injin da ke mayar wa batir caji muddin mota na tafiya. Usta yana da na'urar awo a jaka, amma ya fi yarda da sukundireba. Sai a tayar da mota, ya kai bakin sukundireban bayan dinamo. In maganaɗisu ya fizge shi ya manne, dinamo na da rai. In bai ja ba, to, an gama magana.

Matarsa Nana A'isha ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yansa maza biyu suna ƙetare, sai ranar sallah ake jin muryarsu a waya, ita ma rabi Larabci rabi gaggawa. Wadda ta rage masa ita ce autarsa Ruqayya. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunan ba, Iya yake ce mata. Da ta yi aure, mijinta Wa'il ya yarda suka zauna a ɗakuna biyu na gaban gidan. Saboda haka gidan bai mutu ba. Akwai mai toya kisra, gurasar nan tasu mai falle-falle, akwai mai yi masa faɗa in ya sha shayi da sukari cokali uku, akwai takalmin da ba nasa ba a bakin ƙofa.

Sai Wa'il ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Yaron kirki ne, ya zo har gabansa ya durƙusa ya ce su tafi tare. Usta ya ce Allah ya kiyashe shi, ya bar gidan ubansa da kabarin matarsa ya je ya zauna a bakin teku yana kallon surukinsa na ciyar da shi? Ya sa musu albarka, ya ma taimaka wajen ɗaure kaya. Ruqayya na da cikin wata bakwai. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake ji, shi ma da an tambaya da ya ce lafiya lau.

Ranar Alhamis da hantsi aka gama loda 'yar tsohuwar motar Wa'il, har da katifa a sama. Maƙwabta suka fito, aka ɗaga hannu aka yi fatiha, mata suka rungumi Ruqayya ana ta share hawaye. Wa'il ya murɗa makulli. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya sake murɗawa. Shiru.

Kowa ya juyo ya kalli Usta. Ina kuma za a kalla?

Ya sa aka tura motar ta tashi. Ya leƙa gaban direba, ya ga 'yar jar fitilar batir tana ci dishi-dishi. Ya ce wa Wa'il ya kunna manyan fitilu ya taka mai, hasken bai ƙaru ba ko kaɗan. Ya zaro sukundireba ya kai bayan dinamo, jikinsa ya kare kowa. Ƙarfen ya tsaya a hannunsa sakayau, ba abin da ya ja shi. Gawayin dinamo ne ya cinye, wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu da ba su kai ƙwayar dabino ba. Aikin rabin sa'a ne, ko ƙasa da haka in ba mai yi masa surutu.

Ya ɗago kai. Ruqayya na tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a ƙugu, ta riga ta sa takalmin tafiya. Bayanta kuma tsakar gida, an share tas, igiyar shanya ba ko ƙyalle.

"Batir ne," ya ji bakinsa ya faɗa. "Ya yi sanyi. Sai an ɗora shi a caji a hankali, kwana uku. In aka gaggauta masa zai lalace."

Wallahi ko shi bai san zai faɗa ba sai da ta fito. Wa'il ya ce, "To, Ammi, yadda ka ce." Ammi yake ce masa, kamar yadda ake kiran suruki a garin. Ba wanda ya yi musu. Wa zai yi wa Usta Idirisu musu a kan wutar mota?

Ya cire batirin don ya kai rumfa, aka sauke tukunya ɗaya da katifa. Da rana Ruqayya ta yi miyar kuɓewa busasshiya irin wadda uwarta ke yi, suka ci su uku a faranti ɗaya a inuwar dalbejiya. Usta ya ci har ya suɗe hannu. Daɗi yake ji, ba a ɓoye wannan, daɗi irin na wanda aka ɗaga wa ranar tiyata. Kunya kuma na cin sa ta ƙasa, ko idon Wa'il ya kasa kallo. Juma'a ma haka ta wuce. Bayan masallaci ya zauna a kan angarib, gadon nan na igiya, yana jin motsin Ruqayya a madafa, bai yi komai ba sai sauraro.

Ranar Asabar ya tafi rumfa. Batirin yana ajiye a lungu, ya cika tun yammacin Alhamis, lafiyarsa ƙalau. Ni'mat mai shayi, wadda ta shekara ashirin tana kafa kujerunta a gefen rumfarsa, ta miƙo masa kofi ta dubi batirin ta dube shi.

"Usta, wannan ba na mijin Ruqayya ba ne? Na ɗauka sun isa Bur Sudan."

"Yana caji."

"Ba waya a jikinsa yake caji?"

"Ke shayi kike sayarwa ko wuta?"

Ta yi dariya ta koma kan murhunta. Shi kuwa ya ture shayin gefe. Kafin ya tashi ya buɗe gwangwanin da yake tara ƙananan kaya, ya zaɓi gawayi biyu sababbi ya jefa a aljihun jallabiya. Niyyarsa ranar Lahadi ya mayar da batir, ya sa hannu ya canja gawayin ba wanda ya lura, a rabu lafiya. Ya tsara komai, sai abu ɗaya da ya manta: shi ya saba da direbobin da ke jiran maganarsa, bai saba da saurayin da ke da waya a aljihu da shugaba a wurin aiki ba.

Da ya dawo gida, tun daga bakin lungunsu ya ji ƙarar. Ya san injin nan kamar yadda ya san tarin maƙwabcinsa. Ya ƙarasa da sauri, ya tarar da mota na ta ruri a ƙofar gida, an mayar da katifa sama, Wa'il na goge gilashi yana murmushi har kunne.

"Ammi, albishirinka! An kira ni daga wurin aiki, sun ce lallai Litinin da safe in kasance a can. Sai na ce kada in ɗora maka wahala, na shiga Kasuwar Libiya ta nan Umdurman na sayo sabon batir dal. Bugu ɗaya ta tashi! Maganarka dutse, batir ne. Gobe bayan asuba sai hanya."

Usta ya tsaya da jaka a hannu. Kansa ya shiga aiki ba da izininsa ba. Sabon batir, ba mai ɗebo masa ruwa. Zai kai su Shandi. In Allah ya taimaka, ba su kunna fanka ba, ya kai su Atbara. Daga nan fa? Daga Atbara zuwa Haya hanya ce miƙaƙƙiya cikin dutse da rairayi, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inuwar da akuya za ta fake ba. A nan fitilu za su dushe, inji ya yi tari biyu ya mutu, da tsakar rana, da mace mai cikin wata bakwai a kujerar gaba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya kira shi gefe a kan Nana A'isha.

Ya nemi ƙofar fita, don ramin ƙarya ƙurarre ne amma mai shi ba ya rasa laluben gefe.

"Buɗe gaban in sake dubawa," ya ce. "Tafiya ce mai nisa."

"Haba Ammi, ka dawo a gajiye. Ai ka riga ka duba."

"A sake dai."

"Abin da Usta Idirisu ya duba ba a sake duba shi," in ji Wa'il, yana dariya, da zuciya ɗaya yake faɗa. "Ko a kasuwa da na ce kai ka ce batir ne, mai shagon cewa ya yi to an gama. Shiga ka huta, wallahi ba za ka taɓa ƙarfe yau ba."

Ka ji fa. Sunan da ya shekara arba'in yana ginawa shi ya tare masa hanya. Ruqayya ta fito da kofin ruwa ta miƙa masa, ta ce, "Baba, sha mana, ka tsaya kamar an dasa ka."

Bai karɓa ba. Ya ajiye jaka a ƙasa.

"Kashe motar, Wa'il."

Ya kashe. Lungun ya yi tsit.

"Ba batir ba ne. Dinamo ne, gawayinsa ya cinye. In kuka tafi a haka za ta mutu muku a hanya." "Tun ranar Alhamis na sani. Ƙarya na yi muku."

A gaban suruki fa! Dattijo mai furfura, a tsakiyar lungu, ido na ganin ido, tsakanin la'asar da magariba. Wa'il ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. Ruqayya ce ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Don me, Baba?"

"Gidan ne, Iya," ya ce. "Na leƙa na ga gidan."

Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Shi kuma ya sa hannu a aljihu ya fito da gawayin nan biyu a tafinsa, ya nuna wa Wa'il, kamar wanda aka ce ya kawo shaida.

Wa'il ya buɗe gaban motar da kansa. Usta ya cire kan batir, ya sassauta bel, ya kwance dinamo ya ɗora a kan buhu. Hannu ya san aikinsa ko mai shi na cikin wani hali. Wa'il na miƙo masa sifana tun kafin ya tambaya. Ya canja gawayin, ya mayar da dinamon mazauninsa. Da aka tayar, jar fitilar ta mutu, manyan fitilu suka haska bangon maƙwabta, sukundireba ya manne a bayan dinamo ɗaf. Ana kiran magariba yana wanke hannu da kananzir.

"Ammi," in ji Wa'il a hankali, "har yanzu akwai wuri a motar."

"Na sani, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Ku dai riƙa tsayawa tana miƙe ƙafa."

Washegari bayan asuba ba a tara maƙwabta ba, an riga an yi sallama tun Alhamis. Ruqayya ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ƙi saki, tana ta jero masa inda ta ajiye maganin hawan jini da ranar da mai kawo gas ke zuwa. Ya ce ya ji, ya ji, ta shiga kada rana ta yi musu. Ta shiga. Wa'il ya murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya.

Ya bi su da ido har suka karya kwana, daga nan ya bi su da kunne. Ya karkata kai yadda yake yi a rumfa, yana neman ko 'yar ƙara, ko kukan bel, ko wata tangarɗa da za ta sa su juyo. Ya nema da gaske, Allah ya gani. Babu. Injin na tafiya sumul har ƙarar ta narke cikin hayaniyar babban titi. Gyaran ya yi kyau, ba za su dawo ba.

Ya daɗe a tsaye a wurin. Sannan ya shiga gida ya tura ƙyauren da kansa.