Na Ƙarshe Kaɗai Take Miƙawa

"Idan ka buɗe mata hannu biyu, sai ta ba ka duka ukun," in ji Kawu, yana nuna manhajar da ke kan kwamfutarsa. "Idan hannu ɗaya ka miƙa, na ƙarshe kaɗai za ta ɗora maka."

Tabaransa da ya manta a gida na kai masa, sai ya zaunar da ni a kan kwalin takardu. Ofishinsa a ƙarƙashin matakala yake, babu taga, sai fanka da kujera guda. Shekara goma sha tara yana kamfanin rarraba magunguna, shi ke kula da manhajar da ke tura wa direbobi saƙon inda za su kai kaya. Shi ya rubuta ta, da wani tsohon yaren kwamfuta da yanzu ba mai karanta shi a ginin sai shi. Ranar Juma'a zai yi ritaya, kuma ba abin da yake so kamar wani ya zauna ya karɓi abin da ke kansa.

Ya nuna mini wani layi a cikin manhajar. Suna, waƙafi, unguwa, waƙafi, lambar waya. Wurin da ke buga rahoto yana neman jeri, sai a ba shi duka. Wurin da ke tura saƙo abu ɗaya yake nema, a nan kowane waƙafi sai ya yar da na hagunsa, lambar waya ta rage. A kan wannan ya dogara tun farko, bai kuma taɓa rubuta shi a ko'ina ba, don a ganinsa kowa ya sani. Makon jiya wani ma'aikaci a saman bene ya ƙara lambar mota a ƙarshen layin. Rahoto ya fita lafiya lau, amma kwana uku ana tura saƙo ga lambobin motoci, direbobi na zaune a bakin ƙofa.

Muna cikin haka sabuwar injiniyar da za ta gaje shi ta leƙo. Kawu ya miƙe ya nuna mata kujerarsa, ya ce minti goma kawai yake roƙo.

"Baba, ai ka gyara, ko? Allah ya saka da alheri. Wata mai zuwa ma za a sauke manhajar gaba ɗaya."

Ba ta shigo ba. Muka ji takunta a matakalar da ke saman kanmu.

Kawu ya koma ya zauna, ya rubuta gargaɗi a saman layin: kada a ƙara komai bayan lambar waya. Ya sa kwanan wata, ya fara rubuta sunansa, sai ya goge.

"Kai dai ka gane, ko ɗana?"

Na ce na gane rabi. Ya yi dariya ya ce a gidan nan rabi ma arziki ne. Sai aka kira shi daga sito, wai firinta ta cinye takarda. Ya ɗauki sukundireba ya fita.