Mai Tuta a Bakin Gada

Mai Tuta kowa yake ce masa, har matarsa in tana jin tsokana. Aikinsa tsayuwa a bakin wata gada da ake gyarawa, inda titi ya koma hannu ɗaya. Jar tuta a dama, koriya a hagu. Ya ɗaga ja motoci su tsaya, ya ɗaga koriya su wuce. Shi ke nan fa aikin, kada ka nemi ƙari. Gyaran kuwa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har 'yar da aka haifa masa farkon aikin ta shiga makaranta.

Jiki na bakin gada, amma hankali? Tab! Da ya ɗaga ja, sai ya gan shi a filin jirgi cikin fararen kaya, yana nuna wa ƙaton jirgi wurin tsayawa. Wani lokaci kuma tirela ce birkinta ya tsinke, shi kaɗai ya lura, ya tare motar 'yan makaranta. Washegari ga shi a talabijin, telan nan maƙwabcinsa mai amsa gaisuwa da hanci yana cewa, "Ai ƙofarmu na kallon tasa!" Sai hon ya dawo da shi. Ba mugunta ba ce, wallahi ba ya fatan ko kaza ta ji ciwo. So yake dai rana ɗaya wani ya nuna shi ya ce, wancan ne.

Rannan shugaban aikin ya kira shi gefe. "Za a kafa fitilar ba da hannu a nan. Kwantar da hankalinka, ba kora ba ce, wajen kwaɓa siminti za ka koma."

Tun daga ranar ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta gaji ta ce, "Haba maigida, tsumma biyu fa za a karɓa, ba aikin ba!" Ta yaya zai ce mata tsoro yake ji kada a cire shi daga bakin gadar, kuma ba wanda ya lura?

Sai ya koma ga tunaninsa. Yana ganin direbobi sun toshe gadar suna ihu, a dawo mana da Mai Tuta! A gabansu akwai direban farar bas ɗin nan mai tsagaggen gilashi, wanda kullum safiya yake ɗaga masa hannu. Ko duniya ta manta, wannan ba zai manta ba. Amma in ya zo nan sai ya tambayi kansa: anya ba ƙuda mutumin yake korewa ba?

Ranar da fitilar ta fara aiki ya nemi hutu. Ya bar rigar aiki mai ƙyalli a ƙusa, ya sa nasa kayan, ya je ya tsaya jikin sandar fitilar. Ja, a tsaya. Kore, a wuce. Ba hon, ba ihu. Hannunsa na dama sai motsi yake shi kaɗai.

Can ga farar bas. Ja ya kama ta daidai gabansa. Direban ya leƙo, ya dube shi ido cikin ido, ya ɗaga hannu.

"Baba, za ka je ne? Saura mutum ɗaya."

Sai kawai Mai Tuta ya shiga ya zauna a baya. Suna jiran kore, direban ya ɗaga kai ya tambayi fasinjan da ke gefensa, "Wai yaushe aka sa fitilar nan?"

Mutumin ya ce, "Ai tun da can tana nan."