Baƙin Man Motar Gimba

Inaya, kin taɓa dafa ƙarfe cikin ƙanƙara kika ji shi da ɗumi kamar jikin mutum? To ni na taɓa, a nan unguwarmu ta Longsight, kuma motar Gimba ce.

Ba ki san shi ba, kina goye lokacin. Ɗan maƙwabciyata ne tun a Zariya, dogo, ga taurin kai. Direban babbar mota ne tun a gida, da ya zo nan ma bai sake sana'a ba. Shi da abokinsa Chollom, mutumin Jos, suka haɗu suka sayi wata tsohuwar mota mai shan dizal, suna kai shinkafa da manja kantunan Birmingham.

Faɗansu ɗaya ne, baƙin mai. Gimba sai ya murza shi a yatsa, in bai ji kauri ba ya ce, “Wannan ai ruwan shayi ne.” Chollom ya ce, “Malam, nan ba Zariya ba ce. In lokacin sanyi ya shigo mai tsinkewa ake zubawa, mai kaurin nan daskarewa yake.” Gimba ya ce, “Don garinku na da ɗan sanyi shi ne ka zama Bature?”

Da kaka Chollom ya kwanta, bai tashi ba. Gimba ya yi kuka kamar mace. Amma fa bai fasa ba, ya juye man da mamacin ya zuba, ya ɗura nasa mai kauri.

Sanyi ya sauko. Man ya kama kamar man kaɗe, mota ta ƙi tashi. Masu kanti a Erdington, can Birmingham, suka ce in bai kawo kaya ranar Litinin ba, sun sami wani direban. Motar nan kuwa ita ke ciyar da gidansa da na Chollom.

Litinin da safe sai ga shi, wai in ara masa kaskon turarena. Garwashi zai sa ƙarƙashin injin, yadda suke yi a gida. Na ce, “Gimba, wuta ƙarƙashin dizal? Hukuma za ta ɗaure ka, in ma ka tsira.” Ya dai ɗauka. Na ja mayafi na bi shi.

Duk motocin layin fari fat da ƙanƙara. Tasa kaɗai ƙanƙarar ta narke, ruwa na ɗiga. Na dafa gabanta, ɗumi. Ya laluba aljihu, makulli na nan. Ya zaro ƙarfen gwada mai ya murza a yatsa. Mai ne tsinkakke, garau, sabo. Babu sawun kowa a ƙasa sai namu.

Na ce, “Wa ka ba aikin?” Ya mayar da ƙarfen wurinsa. Na karanto addu'ar da na iya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya hau. Murɗawa ɗaya ta tashi. Sai na ga ya miƙa hannu ya kwashe jakarsa daga kujerar gefe, inda Chollom ke zama, kamar mai ba wani wuri.

Kayan sun isa. A can Birmingham ya zauna, ya kwashe iyalinsa, ban ƙara sa shi a ido ba. Amma ranar, kafin ya ja, ya sauke gilashi ya miƙo min kaskon, ya ce:

“Inna, riƙe abinki. Ya riga ni zuwa, kuma ba ya son jira.”