Facin Mu'allim Othman

A shekarar 1981, cikin watan Sha'aban, Abduljalil ya fara haɗuwa da Mu'allim Othman. Lokacin bai daɗe da sauka daga jirgin ruwan Bur Sudan ba. Bahaushen Sudan ne, ya yi karatu a makarantar mishan ta can, inda aka koya masa jan layi da awo da zuwa aiki kafin lokaci, aka kuma bar shi da sallarsa. Da wannan ilimi ya samu aiki a wani ƙaramin ofishi mai duba duk gyaran da za a yi wa fuskar tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda. Aikinsa ya je ya ga bango kafin a taɓa shi, ya koma ya gani bayan an gama, sannan ya faɗa wa kwamiti ko an yi daidai.

Ran nan ya shiga wani lungu a bayan Bab Makka, ya tarar da mutum a kan tsani yana shafa wa wani dogon gida farar ƙasa. Ya yi masa sallama da Larabci, ya tambaye shi izinin aiki. Mutumin ya leƙo, ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ga tef ɗin awo a hannunsa.

"Kai Bahaushe ne, daina wahalar da bakinka," in ji shi. "Daga ina?"

"Daga Sudan."

"Na ga alama. Wa ya goge maka wandon nan, har yana neman yanka mutane?"

"Izini na tambaya, Mu'allim."

"Izinin yana maƙabarta wurin ubana. Riƙe mini tsanin nan, ya Ustaz Santimita, in sauko mu sha shayi."

Sunan ya bi Abduljalil har ya tsufa.

A wurin shayin ya ji labarin gidan. Mahaifin Othman da ƙafa ya taho daga wajen Haɗeja, ya yi shekaru a hanya, yana noma a wani gari yana dako a wani, har ya ƙetaro teku da matarsa tana da tsohon ciki. Ba su san kowa a Jidda ba. Mai wannan gida ya gan su zaune a gindin bangonsa, ya buɗe musu ɗakin zaure na ƙasa ya ce su zauna har su samu madafa. A ɗakin aka haifi Othman. Uban ya koyi gini, ya kama haya a unguwar Hindawiyya, amma duk Sha'aban sai ya dawo ya gyara yaɓen gidan ya shafe shi da farar ƙasa, don azumi ya same shi fes. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa miƙa masa ko sisi. Da zai rasu ya ce wa Othman kada ya yanke wannan zuwa. Lokacin da Abduljalil ya san gidan, mai shi ya daɗe da rasuwa, 'yarsa Sitti Mastura ce a ciki, tsohuwa mai son zama a roshan, tagar katako mai ɓullowa kan titi, tana leƙen masu wucewa.

Gidajen Balad da dutsen mangabi aka gina su, dutsen da ake sarowa daga bakin teku. Ba shi da nauyi, yana da taushi, kuma yana shan danshi da gishiri daga ƙasa kamar soso. Shi ya sa magabata ke yaɓe shi da farar ƙasa, domin ita tana barin bango ya yi gumi ya bushe. Aibinta ɗaya, tana zubewa. Kowace shekara sai an koma mata.

Shekara takwas mutanen nan biyu suna tare. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Abduljalil kan bi Othman gida Hindawiyya, Khadijatu matar Othman ta kawo musu tuwo da miyar kuka, su ci suna gardama. Othman bai taɓa auna abu da tef ba, sai da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Abduljalil kuwa ko tabarma zai saya sai ya ja tef. Da zai yi aure, Othman ne ya tsaya masa a matsayin wa, tunda ba shi da kowa a wannan ƙetaren.

Kuskuren ya zo ne ta hanyar kirki. Othman ya faɗo daga tsani a wani aiki, ya yi wata biyu a kwance, a nan tunani ya kama shi. 'Ya'yansa maza duk sun kama aikin ofis da tuƙi, babu mai riƙe cokalin gini. In ya mutu, wa zai riƙa zuwa gidan Sitti Mastura duk Sha'aban? Ya kuwa yi aiki a sababbin unguwannin arewacin gari, ya ga yaɓen siminti da ke shekara goma ba a taɓa shi ba. Sai ya ƙudura zai yi wa gidan kyautar da za ta wuce ransa. A Sha'aban ɗin da Abduljalil ya tafi hutu Sudan, Othman ya kankare farar ƙasar tun daga ƙasa har zuwa gindin roshan na farko, ya yaɓe wurin da siminti mai kauri, ya goge shi sumul. Sitti Mastura ta yi murna, ta ce bangonta ya koma kamar na banki.

Da Abduljalil ya dawo, Othman ya ja shi lungun yana fara'a. Abduljalil ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya juyo wurinsa.

"Mu'allim, rigar leda ka sa masa a zafin Jidda."

"Riga ce da ba ta yagewa. Ni na huta, gida ya huta."

"Danshin da yake sha daga ƙasa, ta ina zai fita? Kai ka fi ni sanin dutsen nan."

"Na san shi. Na kuma san ba zan dawwama ba, ya akhuya, ɗan'uwana. Kai za ka hau tsani in na tafi? Da wannan wandon?"

Abduljalil ya roƙe shi ya cire. Othman ya yi dariya ya ce a bar shi ya nuna kansa. Abduljalil bai kai maganar kwamiti ba, yana fatan abokinsa zai sauko da kansa.

Bangon ya nuna kansa bayan 'yan shekaru. Simintin ya fara kumbura, in an ƙwanƙwasa sai ya yi ƙara kamar ganga. A bayansa gishiri na cin dutsen yana mayar da shi gari. Wata safiya wani ɓangare mai faɗin ƙofa ya ɓalle ya faɗo kan amalanken wani mai sayar da yadi. Allah ya kiyaye ba a ji wa kowa ciwo ba, amma maganar ta kai ofis. Kwamiti ya zauna, aka kira duk maginan da aka sani a unguwar. Shugaban ya tambayi wanda ya yi aikin ba izini. Maginan suka sunkuyar da kai, domin duk sun sani. Sai ya juya wurin Abduljalil, tunda lungun a hannunsa yake. Abduljalil bai iya ƙarya ba, ba a koya masa ba. Ya faɗi sunan, Othman na zaune a gabansa.

Aka hana Othman karɓar aikin fuskar kowane gida a Balad. Gidan kuwa aka tokare shi da katako, aka ce sai masu shi sun kawo magini mai izini. Kafin a yi haka Sitti Mastura ta rasu, magada suka watse zuwa sababbin unguwanni, kowa da ra'ayinsa, gidan ya zauna da rigarsa ta siminti.

Ranar hukuncin, Othman ya jira Abduljalil a bakin ƙofar ofis.

"Halas, an gama da ni ke nan, Ustaz?"

"Halas. Abin da ya rage maka shi ne abin da aka yarje wa kowane mai gadi. Shafa farar ƙasa, da ɗan facin da bai wuce kamu ɗaya ba. Ba kafa katakon hawa, tsani kawai."

"Kamun wa? Naka ko nawa? Ka san hannuna ya fi naka tsawo."

Wasa ne irin nasu, kuma hannun sulhu ne Othman ya miƙo. Amma Abduljalil yana cike da haushi, na bangon da na kansa, bai yi dariya ba. Ya ce yana da aiki, ya koma ciki.

Ba su yi faɗa ba. Juma'a ta zo Abduljalil bai je Hindawiyya ba, don kunya. Ta gaba ma bai je ba. Othman bai aiko ba. A ofis Abduljalil ya nemi a ba wani ma'aikaci lungun, shi ya koma ɓangaren teku, ya riƙa zagaye don kada ya bi ta bayan Bab Makka. Ya ji labarin Othman yana aiki ƙarƙashin wasu a sababbin gine-gine, mutumin da a da shi ake kira Mu'allim. Daga baya ya ji ƙarfinsa ya ragu, magadan sun ɗauke shi gadin gidan, yana wuni a zauren da aka haife shi. In sun haɗu a jana'iza sai su gaisa, su tambayi iyali, kowa ya nemi takalminsa. Duk Sha'aban Abduljalil kan ce bana zai je. Ya yi ritaya, ya koma gidan 'yarsa a unguwar Ruwais, yana dai cewa bana. A shekarar annobar korona aka buga masa waya cewa Othman ya rasu, an riga an binne shi da mutane kaɗan.

Bara wata injiniya ta zo nemansa a Ruwais. Sunanta Wejdan, ita ke riƙe da aikin da ya bari. Jikar Hausawa ce, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai Larabci ya rinjaye ta. Ta ce magadan Sitti Mastura sun haɗa kai za su gyara gidan. Kwamiti na ganin bangon da ya shekara talatin a ƙarƙashin siminti ba abin da ya rage a cikinsa, don haka za a sauke fuskar gidan gaba ɗaya a gina sabuwa. Kafin a yanke, tana so wanda ya san bangon tun asali ya raka ta.

"Ya ammi, baffana, kai kaɗai ka rage," in ji ta.

Abduljalil ya san abin da sauke fuska ke nufi. Za a samu gida a wurin, mai kyau ma, amma ba wanda mahaifin Othman ya jingina da shi ba. Ya ɗauki sandarsa suka tafi da safe.

Tokaren katakon na nan. Bangon fari ne, ko da yake farin ya dushe. Wejdan ta ciro ƙaramar guduma ta ƙwanƙwasa daidai ƙugunta, tana jiran ƙarar ganga. Sai aka ji sauti mai nauyi, a dunƙule. Ta matsa gaba ta sake, haka. Ta kankare wurin da bakin gudumar, farar ƙasa ta zubo, a bayanta ga dutse busasshe mai ƙarfi.

"Fen siminti?" ta ce, tana duban Abduljalil. "Ina yake?"

Rana ta ɗago ta bugi bangon a karkace, sai Abduljalil ya gani. Duk fuskar faci ce, ƙanana ƙanana, ɗaya a jikin ɗaya kamar rigar da aka daɗe ana ɗinkewa. Wasu sun tsufa sun yi ruwan ƙasa, wasu sun fi haske.

Rafi'u mai shayi, wanda teburinsa ke bakin lungun tun zamanin da, ya taso yana goge hannu.

"A'a, Ustaz Santimita, ashe kana duniya. Aikin abokinka kuke kallo? Ai mun sha yi masa tsiya. Ya fasa ɗan wuri kamar faranti, ya sauya dutsen da ya ruɓe, ya yaɓe, ya zauna yana kallonsa har ya bushe, sannan ya taɓa na kusa. Na ce, Mu'allim, da wannan tafiyar sai tashin ƙiyama. Ya ce shi abin da aka yarje masa ke nan."

"Bai taɓa cewa a kira ni ba?"

"Na ce masa ya kira ka ka gani. Ya ce sai ya gama."

Bai gama ba. Can sama, a gindin roshan, akwai siririn layin siminti da ya rage, inda tsani ba ya kaiwa sai an kafa katako. Wejdan ta bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan tana ƙwanƙwasawa, ta dawo ta ce ba ta ga dalilin sauke shi ba. Za ta gaya wa kwamiti a cire layin da ya rage, a gyara gindin roshan, a kwashe tokaren.

"Bas, sai dai abu ɗaya, ya ammi," ta ce. "Za su tambaye ni ko aikin nan ya saɓa ƙa'ida. Duk ba izini."

Abduljalil ya ba Rafi'u sandarsa. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora gwiwar hannunsa a gefen wani faci, ya miƙe yatsu. Facin ya zarce kan yatsansa da kaɗan. Ya gwada wani, ya gwada na uku, duk tsawonsu ɗaya, duk sun zarce shi da wannan ɗan kaɗan ɗin.

Tef ɗinsa na cikin aljihu, inda yake kullum. Bai ciro shi ba.

"Bai wuce kamu ɗaya ba," in ji shi. "Da hannunsa ya auna."