Malama Gumsu da Yaran Bayan Dutse

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, 8 ga watan Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Gumsu Dunoma a asibiti a Kazaure, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Ta bar duniya tana da shekara hamsin da takwas, fiye da rabinsu da alli a hannu. Labarin ya same mu an fita tara, a makarantar firamare ta ƙauyenmu, Rijiyar Inno, tsakanin Roni da Kazaure. An yi mata sutura a Roni bayan sallar La'asar.

Malama, ni ce Nafisat, ɗalibarki a da, abokiyar aikinki shekara tara. Da na so in yi shiru in bar miki addu'a kawai, don na san ba kya son surutu. Abin da na gani ranar Litinin ne ya hana ni.

Ranar Litinin ɗin Alhaji Musaddiƙ, mai duba makarantun yankinmu, ya zo yi mana ta'aziyya da tawagarsa. Aka tara yara a rana. Ya kira ki uwa, ya kira ki ginshiƙi, ya ce shi ne ya fara gane hazaƙarki tun yana hedimastan wannan makaranta. Har ya zaro hankici ya dangwali ido. Ina tsaye kusa da shi, na duba hankicin da kyau, a bushe ya koma aljihu. Ban taɓa raina babban mutum kamar yadda na raina shi a wannan safiya ba, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini idan na wuce iyaka. Amma tunda ya ce shi ya gane ki, bari in faɗa wa mutane yadda ya gane ki ɗin.

A makarantun karkararmu akwai wata al'ada da malamai ke kira tankaɗe. Idan aka ce baƙi za su zo, musamman masu zuwa daga ƙasashen waje don su ga yadda ilimi ke ci gaba, to ana gobe za su zo sai a bi aji aji da littafi. Yaron da ya iya karanta layi biyu ya zauna. Wanda bai iya ba, shi ne tsaki, irin wanda ke ragewa a rariya a watsa wa kaji. Da safe sai a kora tsakin bayan dutsen da ke arewa da makaranta, a ce su zauna shiru sai motoci sun tafi. Gurbinsu kuma a ciko shi da yaran aro daga makarantar cikin gari, har da bencinansu. A shafa fenti a bangon da ke kallon hanya, sauran ukun a bar su yadda suke. Babu takardar da ta ce a yi haka. Kowa dai ya sani, kuma duk wanda ya iya tankaɗe da kyau yana ci gaba a aiki.

A shekarar 2003 ina cikin tsakin. Shekarata goma, ina aji huɗu, ban iya rubuta sunana ba. Ke kuma watanki biyu da zuwa makarantarmu, shi ya sa hedimasta Musaddiƙ ya ba ki aikin da ake ba sabon malami, wato tsaron mu a bayan dutse kada wani ya leƙo. Mu arba'in da ɗaya ne. Na tuna kin tsaya kina kallon mu. Sannan kika karyo reshen sabara, kika share ƙasa da tafin ƙafarki, kika zana harafi ɗaya babba.

Kika nuna ni kika ce, "Ke, yaya sunanki?"

Na ce, "Nafisat, Malama."

Kika ce, "To ga farkonsa nan. Zo ki taka shi da yatsa."

A can gaban makaranta ana ta tafi, yaran aro suna rera wa baƙi waƙa da Turanci. Ni kuwa a wannan rana na fara karatu, bayan shekara huɗu ina zaman aji, kuma a bayan dutse ne.

Da baƙi suka sake zuwa bayan shekara biyu, aka sake ba ki tsaro, don an ga kin yi shi lafiya a karon farko. Kika bari sai da motoci suka tsaya, aka zaunar da baƙi a inuwa, hedimasta ya buɗe baki zai yi jawabi. Sai ga ki kin zagayo da mu a layi, ƙafafu duk ƙura, kika tsayar da mu a gaban teburinsu. Ba ki ɗaga murya ba. Cewa kawai kika yi, "Ranku ya daɗe, ga sauran 'yan makarantar." Wata baƙuwa ta tambayi tafinta me kika ce. Tafintan ya dubi hedimasta, sannan ya gaya mata wai yaran maƙwabta ne suka zo kallo. Ta yi mana murmushi, ta ɗauki hotonmu, ta ɗaga mana hannu.

Kafin zangon ya ƙare takardar canjin wurin aiki ta same ki. Aka jefa ki wata makaranta can ƙuryar Gwiwa, inda babur ba ya shiga da damina sai an tura. Shekara shida kina wannan hanya daga Roni, har da cikin ɗanki Hussain. Wanda ya rubuta cewa ba ki da ladabi ga na gaba da ke, shi ne mai hankicin ranar Litinin. Shi an yi ta ɗaga shi har ya zama mai duba makarantu. Ke kuwa har kika koma ga Allah ba a taɓa ba ki shugabancin ko makaranta mai aji biyu ba.

Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. A kwalejin horon malamai an karantar da mu alkawuran da ƙasashen duniya suka ɗauka: a shekarar 2000 suka ce kafin 2015 kowane yaro zai shiga makaranta, da 2015 ta zo suka ce to kafin 2030, kuma wannan karon ilimi mai inganci ga kowa. Wani abu ya iso har Rijiyar Inno. Muna da azuzuwa shida masu rufin kwano, muna da rijiyar burtsatse, kuma a aji uku na bana 'yan mata sun fi maza yawa, abin da mahaifiyata ba ta taɓa zaton gani ba. Ke ma kina murna da haka. Sai dai duk lokacin da aka karanto mana yawan yaran da aka rubuta a rajista ana washe baki, sai ki ce, "Shigowa kam sun shigo. Me suka tarar?" Babu wanda ya taɓa ba ki amsa, domin takardar da ake cikewa ba ta da gurbin wannan tambaya.

Su ma baƙin ban wanke su ba. Mutum ya keto teku da sahara don ya ga yaran talakawa, ya zo ƙauyen da rabin mutanensa ke noman gero da gyaɗa don abin kai wa baki, ya tarar da kowane yaro da safa fara fat, kuma bai tambayi komai ba. Minti arba'in suke yi. A shekara ashirin da biyu ban ga ko ɗaya da ya ce bari ya zagaya bayan makaranta ya miƙe ƙafa ba. Sukan koma su rubuta cewa ana samun ci gaba, namu su karanta su ji daɗi, kowa ya yaba wa kowa. Yarinya kuma ta gama aji shida da takardar shaida a hannu, ta kai wa wani ya karanta mata abin da ke ciki.

Da aka dawo da ke makarantarmu ba ki sake yi wa kowa gardama a gaban baƙi ba. Kika buɗe ajin safe. Ƙarfe bakwai, kafin a buga ƙararrawa, duk yaron da bai iya karatu ba, ko ɗan aji biyu ne ko ɗan aji shida, yana gabanki a kan tabarma. Ba ki yarda da amshi ba, inda aji duka ke ihu a bayan malami wanda bai iya ba ya ɓuya a cikin hayaniya. Ɗaya bayan ɗaya kike kiran su, yaro ya ɗora yatsa a kan layi ya karanta miki shi kaɗai. Sai ya kai shafi guda ba tuntuɓe kike sallamar sa. Malamai suka sa wa ajin suna ajin tsaki don su yi miki dariya, ke kuma kika ɗauki alli kika rubuta sunan a ƙofar da hannunki.

Iyaye ma ba duka suka gode ba da farko. Na tuna Bartholomew kafinta, da ya zo a fusace don kin sa 'yarsa Peculiar a ajin, alhali ta fi kowa Turanci a baki. Kika zaunar da shi, kika miƙa wa yarinyar littafi. Ta kasa layin farko. Mutumin ya sunkuyar da kai ya fita. Bayan kwana uku ya dawo da ƙaramin allo da ya haɗa miki da kansa, shi ne wanda ke jingine a ajin har yau. Ranar rasuwarki yana zaune a ƙofar gidanku tun kafin a fito da ke, kuma shi hawayensa na gaske ne.

Yanzu sai nawa laifin, don ba zan raina wasu in tsallake kaina ba. Shekara uku da suka wuce baƙi suka zo kina Kano wajen 'yarki Ummi Kulsum da ta haihu. Aka ba ni littafi aka ce in yi tankaɗe, na yi. Ni da aka koya wa harafin farko a bayan dutse, ni na kora yara talatin can da hannuna, na dawo na tsaya ina tafi. Na ce wa kaina ina da 'ya'ya ƙanana, ga mahaifiyata ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, in aka jefa ni ƙuryar Babura wa zai duba su. Da kika dawo kin ji komai. Na yi ta jiran faɗa, ba ki yi ba. Sai da muka keɓe kika ce, "Nafisat, ko kin ba su alli sun tafi da shi?" Ban ba su ba. Da mari kika yi mini da ya fi sauƙi.

To, Malama, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Litinin, bayan jawabin nan, Alhaji Musaddiƙ ya kira ni ofishin hedimasta. Kwananki huɗu a ƙasa. Ya ce, "Malama Nafisat, an ce ke kika gaji ajin marigayiya. Baƙi za su zo bayan Babbar Sallah. Kin dai san yadda ake yi, kin taɓa yi kuma mun ji daɗi. Sannan wannan rubutu na ƙofa a goge shi, ba ya yi mana kyau." Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Na fito.

Yara talatin da ɗaya kika bar mini. A cikinsu akwai Fatu 'yar aji biyar, wadda ta fara haɗa baƙi da wasali makon da kika kwanta, kuma kullum sai ta tambaye ni ko an gaya miki ta kai shafi na huɗu. Mahaifiyata tana nan yadda take, 'ya'yana ba su girma ba, hanyar Babura ba ta matso ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na gaya wa mijina, na gaya wa mahaifiyata, yanzu kuma ina gaya wa duk wanda ya karanta wannan: ranar da motocin nan za su tsaya, yaranki suna kan tabarmarsu a ajinsu, ƙofa a buɗe, rubutunki yana jikinta. Kuma wannan karon ba a buƙatar tafinta, Turancin da zan gaya wa baƙi su wane ne, na iya shi, ke kika sa ni a hanyarsa. Alhaji, idan takardar nan ta iso gare ka, ka riga ka ji amsata, sai ka fara rubuta taka.

Allah Ya jiƙan ki, Malama Gumsu. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa kowane harafi da wani ya karanta ta dalilinki ya zama nauyi a mizaninki. Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarki, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Muhammad Nur, da 'ya'yanki Ummi Kulsum da Hussain, da dukkan zuriyar marigayi Dunoma na Roni. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya saka muku da alheri kan shekarun da kuka bar mana ita tun da sassafe.

Ta'aziyyata ta ƙarshe ga yara talatin da ɗaya ce, waɗanda ba za su iya karanta ta ba tukuna. Na ajiye musu kwafi ɗaya a aljihun teburinki. Ba zan karanta musu ba, kuma ba zan bari wani ya karanta musu ba. Tana nan har ranar da Fatu za ta ɗora yatsa a layin farko, ta kai ƙarshe ita kaɗai.